Kwanan Baba ne ya ƙare, ko sakaci aka yi?

Wannan muhawara a zauren WhatsApp na gidanmu aka yi ta, kwana biyu bayan sadakar bakwai ɗin mahaifinmu. Da yardar 'yan uwa na fito da ita. Na cire sunayen mutane da na asibitin, na bar kowa da yadda muke kiransa a gida. Baba ya rasu yana da shekara 81, bayan kwana 11 a kwance a wani asibiti a Kano. Sankarar mafitsara ce ta ci ƙarfinsa har ta shiga ƙashi. Ni ne Auta, ni na riƙa kwana da shi.

Auta:
Assalamu alaikum. Na danne maganar nan har aka tashi daga zaman makoki don kada a ce na tayar da ita a gaban baƙi. Yanzu mu ya mu ne. Ina so mu rubuta ƙorafi a kan abin da aka yi wa Baba a asibiti. Ni a wurina sakaci aka yi, kuma idan muka yi shiru mun taya su.

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam. Auta, ka yi haƙuri. Baba ya riga ya tafi, babu takardar da za ta dawo da shi. Shekara 81, ga ciwon da kowa ya san ba na tashi ba ne. Addu'armu ya fi buƙata yanzu.

Auta:
Yaya, kai da rana kake zuwa, ka biya abin da aka rubuta, ka koma kasuwa. Allah ya saka maka da alheri, ba domin kai ba da ko kwana biyu ba mu iya yi ba. Amma dare ni na gan shi. Bari in faɗa, don akwai waɗanda ba su sani ba a nan.

Daren Talatar da fitsari ya ɗauke masa, ƙarfe tara muka isa ɗakin gaggawa. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, yana ta murƙususu a bayan mota. Aka ce babu gado. Na ce ba gado nake nema ba, a zo a sa masa roba ko a cikin motar ne. Aka ce sai na yanki kati. Na je wurin biya, na'urarsu babu sabis, tiransifa kuma ba sa karɓa. Na fita titi neman mai POS. Da na dawo aka miƙo mini takarda: robar fitsari, jakarta, safar hannu, sirinji, duk sai a kemis ɗin waje. Sai ƙarfe biyu saura aka sa masa robar. Kusan awa biyar dattijo yana ambaton Allah a cikin mota.

Rana ta shida ina canza masa zanen gado sai na ga bayan ƙugunsa ya saluɓe, fata ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Babu wanda ya taɓa ce mini a riƙa juya shi. Daren Lahadi robar ta toshe, jakar ba ta ƙaru da ko ɗigo ba tun bayan Isha'i. Sau huɗu ina zuwa teburin nas, sau huɗu ana ce mini in jira likita. Likita sai da gari ya waye.

Kun san Baba. Mutumin da ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare, ban taɓa jin ya ce wash ba. A asibitin nan da dare ƙarfen gado yake kamawa yana cewa, "Auta, bayana, bayana." Farasitamol ake sa masa a ruwa. In ya tsananta a yi masa wata allura, ya samu barcin awa biyu, ciwon ya dawo.

Daren ƙarshe tukunyar iskar numfashi da aka sa masa ta ƙare wajen ƙarfe uku. Aka ce in je in biya kuɗin wata. Na tafi da gudu, minti arba'in na yi. Na dawo na tarar an ja labule, an rufe masa fuska. Babu wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Mutumin gadon da ke kusa ne ya ce mini ya ji yana kiran sunana.

Idan wannan ba sakaci ba ne, ku gaya mini sunansa.

Baffa:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, Allah ya yi maka albarka, ka yi jinyar yayana kamar yadda ɗa nagari yake yi. Amma ka saurare ni. Allah ya faɗa a cikin suratul A'araf cewa kowace al'umma tana da ajali, idan ajalinsu ya zo ba sa jinkirta ko sa'a guda, ba sa kuma gabata. Da iskar nan tana nan, da babu ita, lokacin ba ya gusawa. Manzon Allah (SAW) ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ina jin tsoron wannan takardar ta zama ƙofar da za ka kwana kana maimaita daren nan har ya cinye ka. Ciwon da ya sha kankarar zunubi ne. Shi kuma mutum ne da bakinsa ba ya rabo da zikiri, Allah ya san abin da ya cika a kansa.

Barista (ɗan Baffa):
Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Ni ta fuskar doka zan yi magana, fagen Malam na bar masa. Abin da aka yi daren farko kaɗai laifi ne a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce babu asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa bisa kowane dalili. Hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ɗaukewar fitsari ga tsoho gaggawa ce. Kati da kuɗi bayan an sa roba ya kamata su zo.

Sannan akwai kundin haƙƙoƙin majinyaci da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018. A ciki akwai haƙƙin a yi wa mutum bayanin ciwonsa da harshen da yake fahimta, da haƙƙin a mutunta shi, da haƙƙin yin ƙorafi. Ba alfarma muke nema ba.

Sai dai in faɗa muku gaskiya, kotu ba nan kusa ba ce. Mu dai da zarar mutum ya cika muke yi masa sutura, ba a yi binciken gawa ba, don haka tabbatar da cewa ƙarewar iskar ce ta yi sanadi zai yi wuya ƙwarai, ga fayil ɗin ma a hannunsu yake. Abin da zai yiwu shi ne takarda zuwa ga shugaban asibitin. In ba a amsa ba, a kai ta Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Ƙasa, MDCN, tare da takardar rantsuwa. Suna da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Nas-nas kuma da tasu hukumar daban.

Gwaggo (saƙon murya ne, jikarta ta rubuta):
Ku gaya musu ni ba na cikin maganar takarda. Tun ranar da aka ɗauke shi na ce a bar mini ɗan uwana a ɗakinsa. Asibiti na wanda zai tashi ne. Mahaifinmu a ɗakinsa ya cika, kansa a kan cinyar wannan da kuka binne, ana karanta masa Yasin, ana ɗiga masa ruwa a baki. Shi kuma kun kai shi inda ya mutu da baƙi a kansa, matarsa ta shekara hamsin tana gida ba ta sani ba sai da asuba. Yanzu kuna neman wanda za ku ɗora wa laifi. Laifin na wanda ya ɗauke shi ne.

Yaya Babba:
Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki. Mutum fitsari ya ɗauke masa, ya za mu yi da shi a gida? Mu zuba masa ido?

Anti (nas ce, tana aiki a Ingila):
Yanzu na tashi daga aiki na karanta komai, kuma na yi kuka kafin na iya rubutu. Auta, sannu. Abin da ka gani ni na san shi, domin shekara tara na yi a ɗakin kwanciya a gida kafin in fito.

Zan raba maganar gida biyu, don an cakuɗa ta. Akwai abin da babu asibitin da zai iya hanawa, akwai kuma abin da ko ƙaramin asibiti bai kamata ya bari ba. Sankarar da ta shiga ƙashin baya a wannan shekarun, ko nan Ingila aka kawo Baba ba warkewa zai yi ba. A nan Yaya da Baffa suna da gaskiya. Amma gyambon nan ba daga sankara yake ba, daga kwanciya ne. Duk wanda ba ya iya motsi ana juya shi kusan kowace awa biyu, wannan tun ajin farko ake koya mana. In nas ba ta da hannun yi, minti biyu ya ishe ta ta nuna wa mai jinya. Robar da ta toshe kuwa wanke ta ake yi ko a canza, ba a barin mutum da ita har safe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin raɗaɗin sankara. A fara da irin su farasitamol. In bai yi ba a hau irin su kodin. In bai yi ba a ba da mofin, ta baki, kowace awa huɗu, a kan lokaci, ba sai mutum ya yi ihu ba. Baba tun ranar farko a mataki na uku yake, aka bar shi a na ɗaya. Allurar da Auta yake faɗa na tabbata pentazosin ce, ita muka saba yi, kuma ba ta dace da ciwon da ba ya ɗagawa ba. Mofin na ruwa ba shi da tsada. Matsalarsa tsoro da takardu: yana kulle a kabad, makulli a hannun mutum ɗaya, wani lokacin ma babu shi a famasin. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda shaye-shayen matasa, tsoron duk wani magani mai ƙarfi ya ƙaru. Sai tsohon da kwanaki suka rage masa ya biya bashin abin da bai sha ba.

Gwaggo kuma, rabin maganarki gaskiya ce. Daren farko dole a kai shi, ba a cire fitsari a gida. Amma bayan an sa roba, an ga hoto, akwai hanyar da ake bi: a sallami mutum da maganin ciwo mai ƙarfi, a koya wa iyali juyi da wanka da kula da robar, ma'aikaci ya riƙa leƙowa. Fanni ne guda a aikin lafiya, kula da wanda ba a sa ran warkewarsa don ya samu sauƙi har ya cika. Kada a ce sai Turai. A Yuganda wata likita, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta fara shi a Kamfala a 1993. Zuwa 2004 ƙasar ta yarda nas da aka horar ta rubuta mofin da kanta, gwamnati kuma kyauta take ba da shi. Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba. Gida babu magani azaba ce, Gwaggo. Gida da magani shi ne abin da Baba ya cancanta.

Auta:
Anti, duk wannan ilimin kina da shi, amma kina can. Da ke da irinki kuna nan da ba yarinya ɗaya za a bar wa ɗaki guda da dare ba. Kun tafi kun bar mu, yanzu kina gaya mana yadda ya kamata a yi.

Baffa:
Auta, yayarka ce. Ka gyara harshenka.

Anti:
Ƙyale shi Baffa, zafi ne, kuma bai yi ƙarya ba. Na tafi. Ranar da Baba ya cika ina juya wata tsohuwa Baturiya da ban haɗa komai da ita ba, wannan zai zauna mini a rai har in mutu. Amma ka tambaye ni abin da ya kore ni. Na sha kwana ni kaɗai da majinyata sama da talatin, wuta ta ɗauke in sa allura da fitilar waya, safar hannu da kuɗina nake saya, albashi kuma bai kai ƙarshen wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2024 Ministan Lafiya da kansa, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, masu lasisi da suka rage 55,000 ne, ga mutane sama da miliyan 200. Likitan da ka jira har safe, mai yiwuwa shi kaɗai ne a kan ɗakuna uku. Ban ce a yafe masa ba. Cewa nake idan za ku rubuta, kada takardar ta ƙare a kan yarinyar da ke teburin dare. Ita za a kira a yi wa faɗa, a canza mata ɗaki, a rufe fayil, tukunyar iska kuma ta sake ƙarewa a kan uban wani.

Barista:
Wannan haka yake. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Namu na tarayya yawanci wajen kashi 5 yake tsayawa. Shi ya sa sama da kashi 70 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. An yi sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022 da ta ce wajibi ce ga kowa, amma ga Baba tsohon ma'aikaci, ko sirinji sai da Yaya ya biya. Tsarin da ya tura Auta wurin biyan kuɗi ƙarfe uku na dare, shi ya kamata takardar ta nufa.

Yaya Babba:
To kun ga ni abin da nake faɗa ke nan. In laifin na gwamnati ne da kasafi, wa za mu kai ƙara? Kuma ku tuna Hajiya, mahaifiyarmu, a asibitin nan take karɓar maganin hawan jini duk wata. Yaranmu can ake kai su. Ku da kuke Abuja da Ingila kun rubuta kun kwanta, mu ne za mu koma mu tsaya a gaban mutanen nan da kati a hannu. In aka shaida mu a matsayin gidan da suka kai ƙara fa?

Auta:
Wannan tsoron ne ya sa kowa yake cewa "Allah ya isa" a bakin ƙofa ya tafi gida. A kwana 11 mutum huɗu aka fitar daga ɗakin nan a gabana. Babu iyalin da ya buɗe baki.

Barista:
Baffa, da izininka zan ɗan taɓa fagenka, in na yi kuskure ka gyara. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kuma kai ka karantar da mu hadisin da ke cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ne da lamuni. In shari'a ta san lamunin mai magani, ai ta san cewa ajali ba ya wanke wanda ya yi sakaci. Wanda aka kaɗe da mota ma kwanansa ne ya ƙare, amma ana tambayar direba.

Baffa:
Ba ka yi kuskure ba, hadisin yana wurin Abu Dawuda, kuma malamai sun yi magana a kan lamunin likitan da ya yi ganganci ko ya gaza a abin da ya wajaba a kansa. Ban ce neman haƙƙi saɓo ba ne. Abin da nake hanawa kalma ce. Na ji Auta a wurin makoki yana ce wa abokansa "sun kashe mana uba". Wannan ba zan yarda da ita ba, don ba mu da shaida, kuma tuhumar mutum da jini ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. In ka ce sun bar shi cikin ciwo alhali akwai magani, ka gani da idonka, faɗi. In ka ce sun raba shi da ɗansa a lokacin cikawa saboda kuɗin iska, faɗi, ni ma wannan ta tsaya mini, domin umarni ne a laƙƙana wa mai cikawa La'ilaha illallahu. Ka tsaya a kan abin da ka gani.

Auta:
Na karɓa, Baffa, na janye waccan kalmar. Amma akwai wanda ya fi duka. Kwana 11 babu likitan da ya zaunar da mu ya ce ga halin da ake ciki. Kullum zagaye, a duba fayil, a yi Turanci a tsakaninsu, a rubuta sabon gwaji, a wuce. Ni har daren ƙarshe ina zaton za a sallame mu. Da na san kwanaki suka rage, wallahi ba zan bar gefensa don tukunyar iska ba. Da na kira Hajiya ta zo. Da mun kai shi gida kamar yadda Gwaggo take so.

Anti:
Wannan ya ba ni mamaki. Hoton da aka yi rana ta biyu ai shi ya nuna ya shiga ƙashi. Babu wanda babban likitan ya kira bayan sakamakon ya fito? Yawanci babban ɗa ake nema.

Anti:
Yaya?

Yaya Babba:
Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya kira ni. Ranar Alhamis, a baranda, a tsaye, bai fi minti uku ba. Ya ce abin ya bazu, babu aikin da za a yi, sai dai a lallaɓa. Ya ce in muna so mu tafi da shi gida. Na ce a ci gaba da duk abin da za a iya, ko nawa ne zan biya.

Ban gaya wa kowa ba. Na kalli Hajiya da hawan jininta, na kalli Auta yana ta sa rai, na kasa. Kuma na ji tsoron a ce babban ɗa ya ga kuɗi na tafiya ya kwaso ubansa ya dawo da shi gida ya mutu. Kun san za a faɗa. Na zaci muna da wata ɗaya ko biyu. Wannan shi ya sa tun ɗazu nake cewa a bar maganar. Ku yafe mini.

Gwaggo (jikarta ta rubuta):
Ta ce inna lillahi. Ta ce ashe an ba ku shi ku kawo, ka hana. Tana kuka, ta ce ba za ta ƙara magana yau ba.

Auta:
Kwana tara, Yaya. Kwana tara kana kallona ina gaya wa Baba ya ci abinci don ya samu ƙarfin komawa gida.

Baffa:
Kowa ya tsaya haka nan. Babba, ka yi kuskure, amma kuskuren da yawancinmu za mu yi ne, ni ma ban san me zan yi ba da ni aka kira. Al'adarmu ce mu ɓoye wa mara lafiya, mu ce kada a karya masa zuciya. Yau na ga illarta a gidanmu. Yayana yana cikin hankalinsa har kwana biyu kafin rasuwarsa. Yana da haƙƙin ya san halinsa, ya nemi yafiyar wanda zai nema, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi. Hadisi ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Mun hana shi wannan, kuma ba asibiti ne ya hana shi ba.

Anti:
Asibitin ma da nasa a ciki, Baffa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Irin wannan labari ba a baranda ake ba da shi ba, ba a tsaye ba, ba kuma ga mutum ɗaya ba. Zaunar da iyali ake yi, a tambayi majinyacin ko yana so ya ji da kunnensa, a maimaita bayan kwana biyu don mutum ba ya riƙe komai a karon farko. Kuma "ku tafi da shi gida" ba tare da an ce ga maganin ciwo, ga wanda za ku kira in robar ta toshe, wannan ba zaɓi aka ba Yaya ba. An jefa masa kaya ne aka wuce. Ni da aka gaya wa haka, ban san mofin zai biyo mu gida ba, ina jin abin da ya zaɓa zan zaɓa. Sannan ko da iyali sun ce a zauna, wannan bai halatta gyambo ba, bai halatta a bar shi yana kama ƙarfen gado ba.

Barista:
To maganar ta canza, takardar ma dole ta canza. Ba za mu rubuta cewa ba a gaya mana ba, tunda an gaya wa Yaya. Za mu rubuta yadda aka faɗa da inda aka faɗa. Ba neman diyya, ba sunan nas. Awa biyar a ƙofar ɗakin gaggawa, gyambon, daren da robar ta toshe, rashin maganin ciwo, da tura mai jinya biyan kuɗi alhali mutum yana gargara. Mu nemi amsa a rubuce, mu nemi a riƙa sa iska kafin biya, a kuma ajiye mofin inda za a same shi da dare. Zan sa adireshin ofishina da sa hannuna, sunan Hajiya ba zai fito ba. Anti ta duba bayanin magungunan. Yaya, ba za ta tafi ba sai ka yarda, kai ne babba.

Yaya Babba:
Ba ni da bakin hanawa kuma. Amma sai an tambayi Hajiya, mijinta ne. Kuma ni zan gaya mata maganar Alhamis da bakina kafin ta ji a wani wuri. Baffa, ina roƙon ka raka ni bayan Magariba.

Baffa:
Zan zo. A bar Gwaggonku sai gobe, ni zan je wurinta.

Auta:
Barista, ranaku da lokutan duk suna cikin wayata, zan turo maka da daddare. Rasit ɗin suna cikin baƙar leda a aljihun motarka, Yaya, ka taho da su. Ɗaya maganar kuma ba a waya za mu yi ta ba. Ina gidan Hajiya, zan jira ku.